Keken da Ba Ya Barin Ƙafa Ta Huta

Shekara talatin da ɗaya yayana ya yi yana raba burodi a kan keke. Ni tela ne, shagona yana bakin layinmu, kuma gida ɗaya muke zaune tun rasuwar mahaifinmu, shi da iyalinsa a ɗakunan gaba, ni da nawa a na baya. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gaban idona ya faru.

Yana da shekara goma sha tara ya shiga gidan burodin, aka sa shi wankin gwangwanayen gashi. Wata rana mai rabon ya kwanta ciwo, tsohon mai gidan burodin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai dogo, ka iya keke?" Ya ce ya iya. Rabi-rabi ya iya. Ranar sau biyu ya zubar da burodi a hanya, ya kakkaɓe ya mayar cikin akwati, bai gaya wa kowa ba sai ni, shi ma bayan shekaru.

Keken baƙi ne mai nauyi, irin na da, wanda idan ya faɗo maka a ƙafa sai ka yi kwana uku kana ɗingishi. A kan kariyar da ke bayan sirdinsa an ɗaure akwatin katako, in an cika shi har ya fi kan mahayin tsawo. Shi ya sa masu shaguna da masu shayi suka sa masa Mai Akwati, har wasu ba su san yana da wani suna ba. Ya san wanda yake son burodinsa ya ɗan ƙone, ya san wanda zai latsa kowane ɗaya da yatsa kafin ya karɓa, ya san gidan da karensu ba ya son ƙarar ƙararrawa. Yakan fita gari bai gama wayewa ba, ya dawo da yamma rigarsa ta yi farin gishirin gumi a baya. Matarsa, wadda duk gidan muke kira Maman 'Yan Biyu, sai ta ajiye masa ruwan ɗumi a roba ya tsoma ƙafa.

Ba mai yawan magana ba ne. Idan ka ce masa, "Yaya, ina gajiya?" ba ya cewa ba gajiya kamar kowa. Cewa yake, "Tana nan."

Da tsohon ya rasu, ɗansa ya karɓi gidan burodin. Matashi ne mai ladabi, mai tsabta, kullum da biro a aljihu, ma'aikata suna ce masa Manaja. Bai yi shekara ba ya sayo babura masu ƙafa uku guda huɗu, aka yi musu fentin ruwan ɗorawa. Babur ɗaya yana raba abin da Yaya zai yi kwana biyu yana rabawa. Manaja ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya ce, "Baba, ka yi wa gidan nan hidima tun ban iya tafiya ba. Yanzu lokacin hutunka ne. Za ka riƙe mana get da rana. Keken kuma ka tafi da shi, naka ne."

Yaya ya yi godiya. Me zai ce?

Aikin get ɗin shi ne benci a ƙarƙashin rumfar kwano. Da safe ya buɗe babura su fita, ya rufe. Motar fulawa ta zo, ya buɗe, ya rufe. Da rana babura su dawo ɗaukar zagaye na biyu. Daga nan har yamma babu abin da ke motsi a farfajiyar sai ƙudaje da inuwar katanga. Wata uku da fara wannan aikin na lura ya fi da ramewa. Ya daina neman ruwan ɗumi, amma yana shigowa gida sai ya zube a tabarma kamar wanda ya yi dako.

"Tela," ya ce mini wata rana, "ashe zama ma aiki ne. Da ƙafata ce ke gajiya, in kwanta ta sake ni. Wannan kuwa ban san inda take ba balle in tsoma ta a ruwa."

Cikin wannan hali keken ya lalace. Yana kan hanyar zuwa aiki ya taka feda, ta juya fanko, taya ba ta motsa ba. Ya turo shi zuwa wurin mai gyaran kekenmu, wani gajere mai baƙaƙen farata da ake kira Sifana, wanda rumfarsa take kusa da shagona. Ina jin su daga kan keken ɗinkina.

Sifana ya kwance tayar baya, ya girgiza ta kusa da kunnensa. "Firi ya tafi, Mai Akwati. Ka san shi ne ɗan haƙorin nan na baya da ke barin taya ta ci gaba da gudu kai kana hutawa. Cikinsa ya cinye tas."

"To sa wani."

"Ina zan samo? Irin wannan an daina kawo shi tun ina saurayi. Ko dai ka canza tayar baki ɗaya, ko in kai wa mai walda ya liƙe shi."

"In aka liƙe zai yi tafiya?"

"Zai yi. Amma ka ji da kyau. Taya na juyawa, feda na juyawa. Ba sauran ka saki ƙafa a gangara kana shan iska. In ka tsaya da takawa, shi ba zai tsaya ba."

Yaya ya ce, "Liƙe shi. Ni da hutu ya ishe ni."

Washegari ya manta. Akwai wata gangara kafin a kai gidan burodin, wadda shekara talatin yana sakin ƙafa a kanta. Ya saki. Feda ta ɗago shi daga kan sirdi kamar jaki ya yi tutsu, ta watsa shi cikin tarin yashin masu gini. Ya dawo gida da yamma gwiwar hannunsa a saɓule, yashi har cikin kunne. Maman 'Yan Biyu tana wanke masa ciwon tana faɗa, dariya tana ƙwace mata.

"Baban 'Yan Biyu, da girmanka? Keken da kuka tsufa tare shi ne yau ya kayar da kai?"

"Ba shi ba ne," ya ce. "An canza masa hali."

Na ɗauka zai koma ya ce a canza tayar. Bai koma ba. Bayan kamar mako biyu sai ga shi a ƙofar shagona, yana kan keken, ya ce in fito in ga wani abu. Ya taho a hankali, ya zo daidai gabana ya danne feda ta baya. Keken ya tsaya, sannan ya ja da baya kamar taku ɗaya kafin Yaya ya sa ƙafa a ƙasa.

"Ka gani?"

"Na ga me?"

"Ya yi baya. Shekara talatin da ɗaya ban san keke yana iya yin baya ba."

Ban ga abin mamaki a ciki ba, amma na ga fuskarsa, sai na ce lallai abin ya yi.

Walda ba ta daɗe ba, wata biyu ta tsage. Amma zuwa lokacin Sifana ma abin ya shiga ransa. Ya zagaya wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa har ya samo haƙori guda wanda babu firi a cikinsa, ƙarfe ne zalla. Ranar wata Lahadi suka baje a tsakar gidanmu. Suka ɗaura haƙorin a tayar, Sifana ya taka shi da ƙarfi har ya zauna, ya bi shi da wani zoben ƙarfe ya ɗaure don kada ya kwance in an taka baya. Suka cire gaɓa biyu daga sarƙar don ta yi tsam, suka yi ta ja da tayar, a matsa gaba a matsa baya, Sifana yana rufe ido ɗaya yana duba ko sarƙar ta miƙe. Daga nan aka shiga rage kaya. Aka sauke akwatin katakon, aka cire kariya, aka cire murfin tayoyi da birkin baya. Keken ya koma siriri kamar an yi masa aski. Ni kaina sai da na ji wani iri da na ga akwatin a jingine da bango.

Sifana ya kai hannu kan birkin gaba. "Wannan ma ba ya da amfani. Ƙafarka ce birki yanzu."

Maman 'Yan Biyu tana tsince shinkafa a bakin ƙofa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "In za a cire wannan, a haɗa da ni a cire daga gidan."

Aka bar birkin gaba.

Saura abin riƙe ƙafa a kan feda, don in ƙafa ta zame a guje, fedar ba ta jira, dukan ƙwauri take yi. Wannan ni aka kawo wa. Na yanko igiyar wata tsohuwar jakar makaranta, na ninka biyu, na bi ta da ɗinki layi uku. Allura biyu na karya. Maman 'Yan Biyu ta ce, "Tela, kai ma ka shiga cikin masu lalata mini miji." Na ce ai gara ya lalace a ɗaure da ya lalace a sake.

Daga nan farfajiyar gidan burodin ta zama wurin karatunsa. Idan babura suka fita zagaye na biyu, ya rufe get, ya share tsakuwa daga kan simintin, ya hau. Abu na farko da ya sa a gaba shi ne tsayuwa cak ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. Ba wanda ya koya masa. Da kansa ya gano cewa sai ya karkatar da tayar gaba kaɗan, fedoji su yi daidai da juna, sannan ya riƙa lallaɓa keken gaba kaɗan, baya kaɗan, kamar mai rarrashin jariri. Ya gano kuma in ya kalli taya faɗuwa zai yi, sai ya kafa ido a kan wani tabon fenti a jikin katanga. Da farko ko ƙirga uku ba ya kaiwa. Masu kwaɓa fulawa sukan leƙo ta taga, fuska duk gari, suna ƙirga masa da ƙarfi, in ya sa ƙafa su yi ihu.

"Baba Mai Akwati, mutane suna hawan keke don su je wani wuri, kai kana hawa don ka tsaya?"

"Na je ko'ina," yakan ce. "Tsayuwar ce ban taɓa yi ba."

Bayan wata biyu ya tsaya tun daga farkon taƙaitattun labarai a rediyon mai shayin bakin get har aka gama. Mai shayin ne ya ba ni labari, yana rantsuwa.

Tafiya da baya ta fi ba shi wuya. Jiki ya saba in keke ya karkata hagu a juya hagu, a baya kuwa komai a juye yake, sai ka koya wa hannunka ya yi abin da yake ganin kuskure ne. Wata huɗu yana faɗuwa. Wandunansa uku na yi wa faci a gwiwa. Wani lokaci ya dawo gida ya ce ya bari, abin yara ne, washegari kuma in ga ya fita da wuri. Ranar da ya yi zagaye guda cikakke da baya, bai gaya wa kowa ba. Bayan an ci abincin yamma ya fito da keken tsakar gida, ya ce a kwashe bokitai. Ya hau, ya zagaye turken shanya da baya, a hankali, sarƙa tana ɗan kuka, ya dawo inda ya tashi ya tsaya cak. Matata ta saki guɗa. Maman 'Yan Biyu ta riƙe haɓa ta ce, "To. Sauko haka nan kafin ka karya mini turke."

A watannin nan ya dawo da neman ruwan ɗumi. Yana cin abinci da yawa, yana barci har da minshari. Iyakar jin daɗin da na san ya yi ke nan, kuma bai kai shekara ba.

Tagar ofishin Manaja tana kallon farfajiyar. Ashe ya daɗe yana gani. Da suka tashi fitar da wani sabon burodi mai madara, ya kira Yaya ya ce za su zagaya gari da mota da lasifika ranar Asabar, yana so Baba ya zo ya ɗan nuna wa mutane abin nan da yake yi. Sau ɗaya kawai, kuma za a kyautata masa. Yaya bai iya ce wa ɗan tsohon maigidansa a'a ba. Aka ba shi riga ruwan ɗorawa mai hoton burodi a ƙirji, da hula mai siffar burodi. Rigar ta yi masa yawa, ni na rage ta.

Asabar ɗin farko ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. A bakin kasuwa aka yi. Mutane suka yi da'ira, ya shiga tsakiya, ya tsaya cak ya saki hannu ɗaya, ya yi baya zagaye uku, ya taho a guje ya ƙanƙame ƙafa tayar baya ta ja ƙasa ƙiii ta tsaya a gaban wata mai lemo. Wurin ya ɗauki tafi. Tsofaffin masu shagunan da yake kai wa burodi suna ta nuna shi suna cewa, "Mai Akwati ne fa! Wallahi Mai Akwati ne!" Ya dawo gida yana ɓoye murmushi. Burodin kuwa kafin la'asar ya ƙare.

Abin da ya ja masa ke nan. Sau ɗaya ya zama kowace Asabar, sannan aka ƙara Lahadi, sannan Laraba. Wuri ɗaya ya zama uku a rana. Aka ɗauki wani a get, tunda Baba ya samu babban aiki. Mai riƙe lasifikar, wani mai bakin tsiya da ba ya gajiya da surutu, ya raɗa masa Tsoho Mai Ribas, sunan ya bi gari. Kuma abin da ya burge mutane makon jiya ba ya burge su yau. Sai mai lasifika ya ce ya tsaya cak yana cin burodi. Wani makon ya ce ya ɗora burodi uku a ka ya yi baya. Wuraren ma ba simintin da ya saba sharewa ba ne. Wani wurin tsakuwa, wani wurin baƙin mai, wani wurin rami, ga rana a tsakiyar ka, ga kiɗa yana dukan ƙirji.

Na fara lura ya daina hawan keken a gida. Daga baya ma ya daina hawansa zuwa aiki, sai ya tura shi yana tafe a gefe. Gwiwarsa ta hagu ta kumbura ta yi sumul. Keke irin wannan da gwiwa ake tsayar da shi, ga kuma shekara talatin na dakon burodi da suka riga suka ci rabonsu. Kullum da yamma ɗakinsu warin man zafi yake.

'Yan biyun nasa duk sun girma sun yi aure. Macen, wadda ke aiki a kantin magani, ta zo ta duba gwiwar ta ce, "Baba, don Allah ka bari. Wannan ba ciwon man zafi ba ne."

"In bari in koma ina? An sa wani a bencin."

"Ka zauna a gida. Mu ba mu isa mu riƙe ka ba ne?"

"Na gwada zama," ya ce. "Ke ba ki san shi ba."

Wata takwas aka yi a haka. Wata Lahadi Maman 'Yan Biyu ta same ni a shago ta ce, "Tela, rufe shagon nan ka bi su. Shi ba zai faɗa mini abin da ake sa shi ba. Je ka gano mini da idonka." Na rufe na bi su.

Na same su a wuri na uku, wata tashar mota, rana ta karkata amma ƙasa tana huci. Yaya yana zaune a inuwar motar burodin, ya miƙe ƙafar hagu, hular burodin a kan cinyarsa. Da ya gan ni bai yi mamaki ba, ya ce, "Ita ta aiko ka." Kafin in amsa mai lasifika ya fara: "Ina masoya burodi mai madara? Ku matso ku ga abin da ba ku taɓa gani ba! Tsoho Mai Ribas!" Yaya ya dafa taya ya miƙe, ya sa hular, ya hau, ya zura ƙafafunsa cikin igiyoyin da na ɗinka.

Tsayuwar ta yi daidai. Ya fara baya, zagaye ɗaya, zagaye biyu. A na uku na ga fuskarsa ta canza. Gwiwar ta ƙi karɓar nauyi, feda ta zo ta wuce da ƙafar, keken ya kwanta da shi ta gefen hagu. Ƙafarsa tana ɗaure, bai samu ya zare ta ba. Ya faɗi gaba ɗayansa, kafaɗa da kunne a ƙasa, hular ta gangara ƙarƙashin wata mota.

Mai lasifika ya ɗauka cikin wasan ne, ko kuma ya ga gara a ɗauka haka. Ya ce, "Kun ga sabon salo! Ku tafa wa Tsoho!" Aka tafa. Wasu har da fito. Yaya yana kwance yana ƙoƙarin zare ƙafa, ana tafi.

Na kutsa na kwance igiyar, na ɗaga keken daga kansa. Ya daɗe kafin ya zauna. Wani direba ya zaro hular ya miƙo masa. Ya karɓa, ya kakkaɓe ta sosai, ya miƙa wa mai lasifika, ya ce, "Riƙe wannan, ɗana." Ya cire rigar ma ya ninke ya ɗora masa a hannu, ya rage daga shi sai singileti. Suka ce a sa shi a mota a kai shi gida, ya ce a'a, su ƙarasa sayar da burodinsu.

Da ƙafa muka taho, ni ina tura keken da hannu ɗaya, shi yana dafe da kafaɗata. Fedojin suna ta juyawa su kaɗai a gefena, ɗaya tana dukan ƙwaurina in na yi sakaci. Sau huɗu muna zama a hanya. A zama na uku, a kan dakalin wani shago da ke rufe, ya ce, "Tela, faɗuwa ba komai ba ce. Na faɗi a farfajiyar can ya fi sau ɗari. Amma can in na faɗi, ni nake cewa a sake ko a bari."

Na ce, "Ai sai ka bari yanzu."

"Na bari," ya ce. Ya shafa gwiwar. "Abu ɗaya na samu wanda ba aike na aka yi ba. Shi ma ga shi an aike ni da shi."

Bayan kwana biyu Manaja ya zo gida da kansa, da leda cike da burodi. Ya durƙusa ya gaishe da Yaya, ya ba da haƙuri, ya ce wallahi bai san gwiwar ta kai haka ba, me ya sa Baba bai faɗa ba? Na yarda da shi, bai sani ba, bai dai tambaya ba ne. Ya ce in Baba ya warke za a rage ranakun, ko a nema masa wani abu a sito. Yaya ya ce ya gode, Allah ya yi albarka, ya ji ƙan mahaifinsa, amma shi ya gama. Manaja ya sallame shi da mutunci, ba zan ce bai yi ba.

Likita ya ɗauki hoton gwiwar ya ce gurunguntsin ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi. Ya ce tafiya kaɗan-kaɗan, ban da hawan bene, ban da tsuguno, keke irin wancan kuwa ko a mafarki. Sifana ya zo dubiya ya ce har yanzu ana samun tayar da za ta shiga, mai firi, zai mayar masa da keken yadda yake, ya riƙa ɗan zagayawa a hankali. Yaya ya ce a bar shi haka nan. Yana nan a lungun da ke tsakanin ɗakinsa da kicin, tayoyin sun sace. Maman 'Yan Biyu tana rataya tsumman goge-goge a kansa, shi kuma bai taɓa hana ta ba.

Shekara huɗu ke nan. Zaman gida bai karɓe shi ba, kamar yadda ya faɗa, don haka na sa masa kujera mai jingina a shagona, da ɗan akwatin da yake ɗora ƙafar. Shi ke saka maɓallai, ya yanke zaren da ya yi saura, ya ninke ɗinkin da aka gama. Hannunsa yana da tsabta, sai dai ba ya sauri, ni kuma ba na ce masa ya yi. Zura zare a allura ne ke ba shi wahala, sai ya ɗaga tabarau ya sauke, ya juya wajen haske, wani lokaci ya miƙo mini in zura masa.

Makon jiya wata mata ta kawo ɗinkin rigunan makaranta. Ina auna yadin, ita kuma ta tsaya tana kallonsa, ta karkata kai.

"Baba, don Allah, ba kai ne tsohon nan na masu burodi ba, mai tuƙa keke da baya? Na taɓa ganinka a bakin kasuwa, har na ɗaga 'yata a kafaɗa don ta gani."

Yaya ya ciji zare ya tsinke, ya duba maɓallin da ya saka, ya ja shi ya ga ya zauna.

"A'a, 'yata," ya ce. "Ana dai cewa muna kama. Rigunan nan maɓalli huɗu za a sa musu ko biyar?"